Inda Kwalta Ta Ƙare

Shekara huɗu a jami'ar Arequipa
ina koyon aiki a kan wani kai na roba.
Bai taɓa jin tsoro ba, bai taɓa tambayar nawa ne ba,
in na buɗe masa baki, haka zai kwana a hangame.
Haƙora talatin da biyu, ba giɓi ko ɗaya,
na ci jarrabawa a kansu har aka tafa mini.

Sai Farfesa Ayquipa ta kafe a taron malamai:
ba mai karɓar takardar shaida
sai ya yi wata shida inda kwalta ta ƙare.
Wasu suka ce ɓata lokaci ne.
Ni ma na faɗa, amma can ƙasa-ƙasa.

Mota ta sauke ni a wani ƙauye bisa duwatsun Andes,
inda ko numfashi sai an yi ciniki,
da kujera mai naɗewa, da fitilar goshi,
da ƙarafan da zan riƙa dafawa a tukunyar aro.

Doña Tiburcia ce ta farko.
Kunci ya kumbura kamar ta ɓoye ƙwai.
Ta zauna, ta dubi farar rigata, ta datse leɓe.
Na yi Sifaniyanci, na yi nuni da hannu,
na yi murmushin da aka koya mana.
Ta gyara hularta, ta tashi.

Kwana uku ina bin ta gonar dankali,
ina tono, ina haki, jikokinta na dariya.
A rana ta huɗu ta nuna bakinta, ta ce kiru,
ta dafa kunci, ta ce nanay.
Haƙori. Ciwo.
Kalma biyu da babu su a littattafaina goma sha ɗaya.
Jikanta ya fassara sauran:
an taɓa zuwa da farar riga irin tawa,
an cire wa mijinta turame huɗu ba a tambayi sunansa ba,
motar ta juya tun jinin bai tsaya ba.

Ran nan ta buɗe mini baki,
ni kuwa hannuna ke rawa.

Daga baya yaran makaranta suka yi layi,
ƙananan haƙora kamar masarar da gunda ta ci.
Na cike wannan kogo, wancan ya ɓullo.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga,
to wa ya tsaga bangon?
Na bi sawu har shagon Fermín,
inda lemon kwalba ya fi madara araha,
har gidan da mutum shida ke da buroshi ɗaya,
har tashar da mota ke zuwa ran Alhamis kawai,
in ruwan sama ya yarda.
Ashe ruɓar ba a baki take farawa ba.

Muka zauna da iyaye mata, suna kaɗin ulu, ina saurare.
Su suka tsara wanke baki bayan abincin makaranta,
su suka zaɓi Nélida, mai shekara sha tara,
ta koyi duba dasashi kafin ya kai ga kumburi.
Fermín bai daina sayar da lemonsa ba.
Ya dai sauke shi daga gaban yara, da ƙunƙuni.

Da na koma, na tanadi lissafi:
ciko kaza, cira kaza.
Farfesa ba ta ko ɗaga takardar ba.
Ta ce, "Sunan wa kika riƙe?
Wa zai duba su yanzu da kika taho?"

Da zan fita na bi ta ɗakin gwaji.
Kan robar na nan, baki a buɗe, yana jiran 'yan aji ɗaya.
Na sa hannu na rufe masa haɓa a hankali.
Aljihuna da busasshen dankalin Doña Tiburcia,
mai tauri, sai an jiƙa kafin a tauna.