Bayan Littafin Bashi

A shafin ƙarshe na littafin bashin shagona,
ƙasan sunan Illa mai walda, da ke riƙe min jika uku tun azumi,
nan nake rubuta ƙwallaye.
Tun da aka fara yankan hatsi bana
ban rubuta abin da zan nuna wa mutum ba.

Lahadi ta farko: biyu da nema.
Na ce ciyawa ce, damina ta bar fili da santsi.
Ta biyu: ɗaya da nema, a nan Tawa, gaban idon yaranmu.
Na ce alƙalin wasa ne, wa ya san da me ya karya.
Ta uku ban ce komai ba.
Na kashe rediyo, na auna wa wata mata shinkafa tiya guda,
na ba ta canjin da ya fi kuɗinta.

Nomau, wanda ƙungiyarsa ke can hayin teku,
garin da ko a taswira ba ya iya nunawa,
ya zo fada da rigarsu, lamba tara a baya,
yana tsiyaya shayi daga sama kamar shi ya ci ƙwallon.
Ya ce, Tsahiru, ku sayar da mai tsaron gidanku ku sayi albasa,
ita ko ba komai tana sa a yi kuka da dalili.
Aka yi dariya. Ni ma na yi, da haƙora kaɗai.

A daren aka ɗauke wuta ana saura minti goma,
su ma aka zura musu biyu cikin duhu,
sai da safe ya gani a salula.
Ban ce masa uffan ba. Na dai aiki yaro
ya kai masa albasa ɗaya, ƴar Galmi, a leda.

Ranar Asabar Sahiya ta ce, Baba, yau muna da wasa.
Ƴata ce, aji biyu a jami'a.
Ban taɓa ɗaukar ƙwallon hannunta a bakin komai ba,
takalmi ne dai duk shekara, da gwiwa a ƙuje.
Na rufe shago da la'asar,
abin da ban yi ba ko ranar sunan ƙanenta.

Filin siminti, raga ɗaure da igiyar guga,
ƴan kallo ba mu kai arba'in ba
har da mai ruwan leda da akuya biyu.
Zafin kaka kamar an buɗe bakin tanderu.
Baƙin dogaye ne, tara da huɗu kafin a tafi hutu.
Sai na ji wata murya tana sababi,
a tsare ta hagu, jama'a, a tsare ta hagu!
Na waiga in ga wane marar kunya ne.
Ni ne.

An ci su, sha bakwai da sha shida.
Ta ƙarshen ta bugi ƙarfe ta dawo,
har yanzu ina jin ƙarar a haƙorina.
Sahiya ta zauna tana kwance igiyar takalmi, idonta a bushe.
Ni na tsaya ina goge nawa da hula, ina cewa gumi ne.
A kan babur ta ce, Baba, ka cika surutu,
mai horar da mu ya tambaya, wancan uban wa ne?

Da dare na buɗe littafi.
Na rubuta sakamako, hannuna ya ƙi tsayawa,
ya ƙara: Sahiya, biyar, ɗaya da hagu.
Shafin ya kusa cika. Illa bai biya ba.

Gobe Lahadi, namu za su Yamai.
An ce mai tsaron gida ya warke,
an ce ba a ba su albashi ba, an ce, an ce.
Na rantse wa matata na daina.
Batir biyu na nan cikin aljihuna,
sababbi, daga kanta na ɗauko,
na rubuta su bashi da sunana.