Yadi Bakwai

Ni tela ne a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi.
Kekena ya girmi ɗana na fari.
Ina ɗinka kayan suna, ina ɗinka na biki,
amma idan farin yadi ya zo
ba a ciniki, ba a tambayar yayi.

Shekara goma sha ɗaya a kan bencina
Mushe Nomau da Malam Zabairu,
buta ɗaya, kofi biyu,
da gardama guda da ta ƙi tsufa.

Mushe ya koyar da ilmin halittu a lakwal
har alli ya cinye masa murya.
Yakan ce: Ku dubi Gulbi.
Da damina ya cika ya batse,
da rani yara na buga ƙwallo a cikinsa.
Ina ruwan ya tafi?
Ya shiga tumatirin Jiratawa,
ya shiga rake, ya hau sama,
bai tafi ko'ina da sunansa ba.
Ni ma haka. Ƙasa ta ci ni, gero ya ci ƙasa,
ku ci gero. Mi ya rage?

Malam ya kurɓi shayi, ya ajiye:
Kai da ka yi shekara talatin da jan biro,
ba ka taɓa yafe wa yaro ɗigo ba,
kai ne za ka ce babu ranar duba takarda?
Wanda ya cinye gonar marayu
ya mutu da ƙiba a kan katifa,
a ce shi da marayun duk gero ne?

Nan Mushe kan daɗe yana juya kofi.
Tambayarka ta fi amsata kyau, in ji shi,
amma ƙishirwa ba ta haƙa rijiya.

Tsohuwa Ta-Rana mai ƙuli-ƙuli
ba ta ɗaga kai daga faifanta:
Ku duka kun kai matattu nesa.
Uwata tana gindin tsamiyar gidanmu.
Ran da na ƙona miya
ina jin tsakinta.

Wata Laraba Mushe ya zo da ƙunshi,
ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.
Ya ce: Auna ni.
Na ce: Wannan ba a auna mai rai.
Ya ajiye jika uku a kan keke.
Na ce: Kai da ka ce babu kowa a can,
wa za ka yi wa kwalliya?
Ya ce: Ba don can ba. Don masu ɗauka.

Ya rasu Gulbi na cike.
Da hannu na ɗinka, ban taɓa keke ba.
Malam Zabairu ya yi masa wanka,
shi ya tsaya gaba.
Wani a sahu na biyu ya yi raɗa:
Wannan fa an san abin da yake faɗa.
Malam bai juyo ba. Ya ce:
Na fi ka jin abin da ya faɗa.
Amma jan biron ba a hannuna yake ba.
Ya ɗaga hannu, ya yi kabbara.

Yanzu har gobe kofi biyu ake zubawa.
Ɗaya yakan huce a ƙarshen benci
har ƙuda ya faɗa.
Ta-Rana takan ajiye ƙuli guda kusa da shi,
ba ta ce komai ba, ba mu ce komai ba.
Wani lokaci Malam ya juya da sauri,
bakinsa cike da sabuwar hujja,
sai ya haɗiye ta, ya jawo carbi.

Ni dai ina sallata, na riƙe abin da aka koya mini.
Sai dai jiya, a hanyar maƙabarta,
na ga geron gefen katanga
ya fi na bara tsawo.
Kafin in ankara
na yi masa sallama.