Hotuna Biyu a Shagon Firam

A Porto, a layin da ya gangara zuwa kogin Douro,
nake haɗa firam, shekara talatin da ɗoriya.
Wata Talata, ana yayyafi,
Dona Ermelinda ta turo ƙofa da kafaɗa,
hotuna biyu a hammata, naɗe cikin mayafin tebur.
Mijinta Abílio ya cika wata huɗu a ƙasa,
kuɗin haya kuwa bai san takaba ba.

"Duba mini," ta ce, "wanne zai yi kuɗi?"

Na fara da babban.
Teku ne, shuɗi shar kamar jiya aka rina shi,
jirgi ya buɗe filafilai yana keta igiyar ruwa.
Na shafa: sumul, kamar bayan faranti.
Na ɗora madubi: ɗigo-ɗigo,
ja, rawaya, shuɗi, baƙi, kowa a layinsa.
Inji ne ya haife shi,
shi da 'yan uwansa dubu goma
da ke rataye a otal-otal da ɗakunan jiran likita.

Ƙaramin kuwa, in faɗi gaskiya, mummuna ne.
Gadar ta karkace, ruwan ya yi kalar romo.
Amma yatsana sai tuntuɓe yake a kansa:
tudu, kwari,
inda hannu ya yi jinkiri,
inda ya fusata ya danna.
Gashin burushi guda ya maƙale a cikin gajimare.
A gefe ga shatin babban yatsa,
na wani Gaspar, maƙwabcinsu mai ɗinkin raga,
da ya biya bashin kifi da shi.
Fentin mai ne, ya bushe ya tsattsage kamar diddige.
Ba shi da na biyu.
Ko Gaspar ya taso daga kabari
ba zai iya maimaita wannan kuskuren ba.

"Ƙaramin, yuro tamanin," na ce.
"Babban, katakon firam ɗin ne kuɗi.
Takardar, ko kyauta ba mai ɗauka."

Ba ta ce uffan ba.
Ta juya tekun wajen taga,
sai na ga abin da madubina ya tsallake:
ƙarƙashin jirgin, wuri kamar faɗin kwabo
ya koɗe, ya yi fari fat.

"Nan yake taɓawa," ta ce,
"kullum da asuba, kafin ya fita su.
Shekara arba'in da ɗaya.
Wai muddin wannan bai nitse ba,
nasa ma zai dawo.
Kuma a gado ya mutu, da safa a ƙafarsa."

Na san farashin mai, na san na tawada,
na san yadda ake gane hannu daga inji.
Wannan tabon ba ya cikin littafina.

Ta ƙirga tamanin ɗinta sau biyu,
ta sake naɗe tekun cikin mayafin,
ta fita ta bar mini ƙofa a buɗe.

Gadar Gaspar tana nan a tagata.
Masu yawon buɗe ido su leƙa, su taɓe baki,
su sayi katin hoto a shagon gaba.
Na rage goma, na sake rage goma, shiru.
Jiya da zan rufe shago
na kama kaina ina shafa gashin nan na cikin gajimare.
Ban san tun yaushe na fara ba.