Aron Mako Biyu

Ranar rabon gidan sauro a Dadin Kowa
tun hantsi nake kan layi.
Malama Rifkatu ta miƙo min shuɗi,
ta ce, "Shanya shi a inuwa kwana guda,
kada rana ta sha maganinsa,
sannan ka ɗaura wa yarinya."
Na ce to. To ba ya cin kuɗi.

A bayan gida ina da irin tumatir,
kwana tara da tsirowa, ganye bibbiyu,
kaji sun sa masa ido, fara ta sa masa baki.
Na dubi raga, na dubi iri,
na ce aro ne, mako biyu kacal.
Lantana ta ce, "Azumi fa?"
Na ce, "Mu da wane gidan sauro muka girma?"
Ta yi shiru. Har yau shirun yana kunnena.

Ruwa ya kwanta a fadamar shinkafa,
maroƙin dare ya iso da gogensa,
ladan kiɗansa jini.
Tumatir yana cikin lulluɓi kamar ango,
'yata tana marin kanta cikin barci.

Daren Laraba jikinta ya koma garwashi,
ido ya kafe, haƙora suka datse.
Na saɓa ta, ko takalmi ban nema ba,
mai babur ya ce, "Hau, kuɗi sai gobe."
Aka nemi jijiya a hannu aka rasa,
sai a ka.
Malama Rifkatu ba ta tambaye ni komai ba.
Da ma zagina ta yi.

Kwana huɗu ina ƙirga ɗigon ruwa.
A na biyar Azumi ta ce, "Kunu."

Ranar sallama aka ajiye min sabo a kan gado:
"Wancan rana ta shanye shi. Wannan nata ne."
Duk da haka na je na yaye tsohon daga turaku,
kaji suka yi walima, ban kori ko ɗaya ba.

Yanzu kowace magariba
ni ke cusa bakinsa ƙarƙashin katifa,
in zaga, in sake zagawa.
Mai gogen yana waje yana ta fama,
babu mai yi masa liƙi.

Bana ko kwando ɗaya ban kai kasuwar Gombe ba.
Azumi tana tsakar gida,
tana bin kaji da muciyar uwarta.