Cokali Ɗaya Daga Ƙetaren Rafi

Kwana goma sha tara Kaka Velika ta yi
a asibitin Smolyan, huhu ya ƙi.
Allurar da suka yi mata ba ta san na gida ba:
ta kashe ɓarawo, ta haɗa da mai gadi,
ta bar hanjinta fayau
kamar kasuwar da ta watse.

Ni na ɗauko ta, ni Blagoy, ɗan 'yarta,
mai tsayuwa bayan kanta a wani kemis a Plovdiv.
Na zo da kwalba fara a aljihu.
Na ce, Kaka, biliyan goma ne a kowane kafso,
rayayyu, barci kawai suke yi.
In sun sauka cikinki za su farka,
su kafa gari, su tare ƙofa.

Ta ɗaga kwalbar wajen taga,
ta girgiza ta kusa da kunne.
Ta ce, wa ya ƙirga su?
Can kuma ta ce, wa ya san uwarsu?
Amma ta haɗiya, safe da yamma,
don kada in koma birni da ɓacin rai.

Damuwarta tana madafa.
Tukunyar ƙasa, lulluɓe da bargon ulu,
inda irin kindirmonta yake kwana
tun daga hannun mahaifiyarta.
Kwana goma sha tara babu mai ba shi madara.
Da ta buɗe, furfura ce ta fito masa.
Sau uku ta wanke tukunyar,
ba ta ce da ni uffan ba.

Rana ta huɗu dusar ƙanƙara ta rufe gada.
Sai ga Nedyalka daga ƙetaren rafi,
wadda shekara goma sha ɗaya ba sa gaisawa
a kan wani itacen tuffa da ya leƙa shinge.
Ta fito da kofi daga ƙarƙashin kwat,
da ɗuminsa.
Ta ce, naki ne. Ranar da na tare kika ba ni.
Ban taɓa barin ya mutu ba.
Ta ajiye, ta juya,
ko takalminta ba ta kakkaɓe ba.

Kaka ta dafa nonon tumaki, ta sauke,
ta tsoma ɗan ƙaramin yatsa, ta ƙirga goma.
Cokali ɗaya. Ta juya a hankali,
ta naɗe tukunyar kamar jinjiri,
ta hana ni tari a kusa.
Da asuba ya kama,
har cokali na tsayawa a tsakiya.

Bayan mako biyu cikin ya daina kuka.
Ta ci wake, ta nemi ƙari.
Likita ya ce a ci gaba da duka biyun.
Ni da na karanta takardar cikin kwalin
ban iya rantsuwa kan wanne ya yi aikin ba,
ita kuwa ba ta tambaya.

Kwalbar na nan kan kanta, saura bakwai.
Ranar da zan tafi ta cika kofin Nedyalka fal,
ta ce kai mata, ba a mayar da ƙwarya wayam.
Ta cusa mini wani a cikin riga.
Ta ce, kada ya wuce kwana uku bai ci ba,
kuma ka ba wa wani,
ko da wanda ba kwa shiri ne.