Ɗurin Hannun Baba Jatau

Mu goma sha ɗaya muka jeru a gindin dutse,
bayan firamaren Sara, wadda iska ta yaye wa kwano,
'yan sintirin da ba a rantsar ba tukuna,
kowa da sabon takalmi mai cizon dunduniya.

A aljihuna akwai ƙulli cikin tsumman atamfa,
harsashi shida, ɗurin hannun Baba Jatau.
Jiya da dare ya zauna kan buzu, aci-balbal a gefe,
yana awo da ido,
yana awo da wani cokali da ya girme ni,
leɓɓansa na motsi.
Shekara arba'in yana ɗura wa kansa,
ba gadar da ta taɓa dawowa ta kai ƙararsa.

Saje Maikano ya iso da kwali a hammata,
ya tsaga shi da reza muna kallo.
Ga su jere kamar ƙwayar masara a totuwa,
kowanne da fuskar ɗan'uwansa, har lamba a gindi.
Sai ya hango kumburin aljihuna.
Bai yi magana ba, tafi ya miƙo.

Na ce, Saje, na mahaifina ne.
Ya ɗauki ɗaya, ya jinjina, ya sunsuna.
Ya ce, na san Jatau tun ina kora masa fakara,
ban raina hannunsa ba.
Amma hannu yana da ranar zazzaɓi,
yana da daren da bashi ya hana shi barci.
In ka kuskure da wannan, wa zan rubuta ya faɗi,
kai ko tsohon?
In ta tsage a tafinka, gidan wa zan je jaje?
Nan mudu ɗaya ake auna wa kowa.

Na so in ce injin ma ai mutum ya ƙera.
Na haɗiye.

Ƙaramar bindiga ce, sanyi gare ta kamar tulun asuba.
Taku ashirin, kwali mai baƙar da'ira
an kafe shi jikin buhun yashi.
Sule Ɗankoli ya rufe ido ya kashe ƙasa.
Muka yi dariya, dariyar ta ƙare da aka kira ni.

Na fari ya tafi hagu.
Na nemi wanda zan zarga:
ba damshin albarushi, ba hannun tsoho,
ba ko iskar da za ta kaɗa ganyen sabara.
Ni kaɗai ne, da yatsana mai gaggawar jan kunama.
Ashe duk shekarun nan in na samu, na Baba ne,
in na rasa ma a bayansa nake fakewa.

Bakwai cikin goma.
Saje ya tsotsi biro, ya ja layi,
ya mayar mini da ƙullina.

Na tarar da Baba yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida.
Da wanne?
Na ce, da nasu.
Na ajiye masa kwanso ɗaya da na tsinto.
Ya kai shi hanci, ya daɗe.
Ya ce, ba warin mutum ko kaɗan.
Ya kwance tsumman, ya jera shidan a tafinsa,
sai ga tafin yana rawa,
ƙarfe na ƙwanƙwasar ƙarfe a hankali.
Na kau da kai ga akuyar da ke satar ɓawo.

Ya ware na uku, ya sake jinjinawa.
Wannan ya fi sauran nauyi, in ji shi,
jiya ban ji ba.
Ya tura mini kwaryar gyaɗa da ƙafa.
Bakwai, ka ce?
Zauna ka ɓare, ka gaya mini inda ukun suka tafi.