Hamsin da Takwas

Ranar Talata, bayan tara ta wuce,
Malam Ɗan'azumi ya fito da usur a wuya,
ya koro mu daga aji kamar awaki:
"Zagaye huɗu! Kada in ga mai tafiyar hawainiya!"

Filinmu na Gwale ba shi da ciyawa,
sai tsakuwa, sai layin tokar da muka zuba da safe.
Raga ɗaya ta karye tun muna aji ɗaya,
ɗayar kuwa Sagir ya rataye rigarsa a kai.

Muka zagaya. Ƙirjina ya koma zugazugin maƙera.
Ya ce, "Yatsu biyu a wuyan hannu,
ban da babban, shi ma da nasa bugun.
Ku ƙirga har in busa."
Na sami ɗari da arba'in da shida.
Da na huta ya sauko tamanin.
A allon da ya jingina da darbejiya ya rubuta:
zuciyar da ta horu ba ta gaggawa,
sittin ko ƙasa, in mai ita na zaune,
bugunta ɗaya kan yi aikin biyu.

Wai darasin marasa kai ne, in ji 'yan kimiyya.
To su zo su jero ƙashi ɗari biyu da shida,
su zana min fili da tsawonsa da faɗinsa,
su faɗi abin yi in ƙafa ta gurɗe
kafin a kai mai ita asibitin Dala.

Bayan magariba Baba ya dawo daga Singa.
Shekara ashirin da bakwai yana dako:
buhun sukari, buhun shinkafa, katan ɗin taliya,
daga bayan tirela zuwa ƙuryar shago.
Gammonsa ma ya girme ni.
Na ce, "Baba, littafi ya ce in za a ɗaga kaya
gwiwa ake lanƙwasawa, ba gadon baya ba."
Ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa da tuwo:
"Shi littafin, buhu nawa ya taɓa saukewa?"

Na ce to miƙo hannu.
Ya miƙo, tafin nan da kanta ta mayar ƙirgi.
Na lalubi jijiyar, idona kan agogon bango.
Bugun na zuwa a natse,
kamar tabarya a hannun wadda ba ta jiran kowa.
Hamsin da takwas.
Na sake, ko na tsallake wani.
Hamsin da takwas.

"Nawa ka samu, likita?"
Na ce, "Baba, ashe ɗan wasa ne kai."
"Wasa?" Ya janye hannun, ya daɗe yana dubansa.
Sai ya juya kafaɗar dama,
wadda ke ƙara duk ranar da hadari ya haɗu.
"In dai littafin ya san jiki,
duba min me ya ce a kan wannan."

An ɗauke wuta. Na haska da fitilar waya.
Shafi na casa'in, ga zanen kafaɗa,
jan nama, farar jijiya, kibiya na nuna gaɓa.
A ƙasa an rubuta: hutu, mako shida,
kada a ɗaga abu mai nauyi.

Ban karanta a fili ba.
Na ce, "Ya ce a gasa da ruwan ɗumi."
Inna ta tashi ta ɗora tukunya.
Tirelar sukari da asuba za ta iso.